Jatan Landen Rami, Maginin da Ba a Gani

Ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Wanda ya tashi daga Maraɗi ko Damagaram yana son ganin teku, sai ya yi tafiyar ɗaruruwan kilometir zuwa kudu, har Kwatano ko Legas ko Duwala. Duk da haka, akwai wata ƙaramar dabbar teku da ya kamata mu san labarinta, don dalili biyu. Na farko, daga gare ta ƙasar Kamaru ta samo sunanta. Na biyu, ramukan da take ginawa suna cikin shaidun da masana ke dubawa in suna son sanin inda teku ya taɓa kwanciya a zamanin da, har da wuraren da yau suka zama tudu da fako.

1. Wace irin dabba ce?

Da yawanku kun taɓa ganin busasshen jatan lande a kasuwa. Daga bakin teku ake kawo shi, a daka, a zuba a miya. Wannan shi ne mai iyo cikin ruwa. Yana da wani ɗan uwa wanda ba ya son fitowa fili. Tun yana ƙarami yake gina rami cikin rairai ko laka, ya shige, ya yi zamansa a ciki har ƙarshen ransa. Shi za mu kira jatan landen rami.

Tsawonsa bai cika wuce tafin hannu ba. Masu yawa daga cikinsu suna tsakanin santimetir 5 da santimetir 15. Jikinsa dogo ne, mai laushi, launinsa fari-fari ko ja-ja. Ɓawon jikin ba shi da kauri, har wani lokaci ana hangen kayan cikinsa ta cikin ɓawon. Idanunsa ƙanana ne ƙwarai, gama ba abin kallo cikin duhun rami. Saboda farin jikinsa, da kuma wuyar ganinsa, masu magana da Ingilishi suka yi masa laƙabi da fatalwa.

Wuri ɗaya ne mai ƙarfi a jikinsa, wato ƙafafunsa biyu na gaba. Suna da baki kamar awartakin maƙeri. A iri da yawa, awartaki ɗaya ya fi ɗayan girma nesa ba kusa ba, musamman ga namiji. Ku riƙe wannan magana ta awartaki, za mu komo kanta.

2. Danginsa da sunansa

Masana halittu suna karkasa dabbobi kamar yadda muke sanin mutane ta gida da dangi da zuriya. Babbar zuriyar da jatan lande ya fito daga cikinta ita ce ta dabbobi masu gaɓoɓin ƙafa. Ba su da ƙashi a ciki, ɓawonsu na waje shi ne ƙashinsu. Fara, da kunama, da gizo-gizo, da gara, duk ƴan wannan zuriya ne. In sun girma ɓawon ya matse su, sai su yi saɓa, su fito da sabo.

A cikin zuriyar akwai dangin masu ɓawo na ruwa. A cikin dangin kuma akwai gidan masu ƙafa goma, wanda masana ke kira Decapoda. Ƙaguwa da jatan lande ƴan wannan gida ne. An san fiye da iri dubu 14 na masu ƙafa goma da ke raye a duniya. Daga cikinsu, masu gina rami irin wanda muke magana sun haura iri 600.

Kowane iri yana da suna biyu na Latin. Wani masani ɗan ƙasar Suwed, Karl Line, shi ya kafa wannan ƙa'ida ga dabbobi a shekarar 1758. Sunan farko na gida ne, na biyu na irin kansa. Amfanin haka shi ne masanin Japan da na Nijar su san cewa dabba ɗaya suke nufi. A 1808 wani Bature, George Montagu, ya bayyana wani jatan landen rami da aka samu a gaɓar Devon, a kudancin Ingila. A 1814 William Leach ya ba shi sunan gida Callianassa. Cikakken sunansa ya zama Callianassa subterranea, kalmar ta biyu kuwa ma'anarta "na ƙarƙashin ƙasa".

Shekaru masu yawa masana suna tara duk masu gina ramin nan a rukuni ɗaya mai suna Thalassinidea, domin sun yi kama da juna: jiki dogo, ɓawo mai laushi, ƙafafun haƙa. Amma Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. A 1979 wata masaniya Bafaransa, Michèle de Saint Laurent, mai aiki a gidan tarihin halittu na Paris, ta raba su biyu. Ta lura da ƙafafu na biyu, waɗanda ke bin na gaba. A wasu, su ma suna da cikakken bakin awartaki. Waɗannan ta kira su Axiidea. A wasu kuwa babu. Su ta kira Gebiidea. Ba kowa ya yarda da ita nan da nan ba. Sai wajen 2009, da aka gwada sinadarin gado na cikin jikinsu, wanda ake kira ADN, aka ga rukunan biyu ne daban.

To, me ya sa suka yi kama haka? Sana'a ɗaya ce ta haɗa su. Dubi jemage da tsuntsu. Dukansu suna da fiffike, amma jemage yana haihuwa yana shayarwa, tsuntsu kuwa ƙwai yake yi. Tashi sama ne ya sa siffarsu ta zo kusa. Hakanan zaman rami ya sa zuriya biyu na masu ƙafa goma suka ɗauki siffa guda. Aikin karkasawar bai tsaya nan ba. A 2019 Gary Poore na ƙasar Ostiraliya da abokan aikinsa sun sake rarraba dangin Callianassa, suka fitar da sababbin gidaje da dama.

3. Gidansa da abincinsa

Mafi yawan waɗannan dabbobi suna zaune a ruwa marar zurfi, kusa da gaɓa, musamman a tekunan ƙasashe masu zafi. A bakin teku ruwa yana cikowa yana janyewa, galibi sau biyu kowace rana. In ya janye, sai ya bar fili mai faɗi na laka da rairai. Wanda ya bi ta filin zai ga ƙananan ramuka birjik, da ƴan tsibin rairai masu rami a tsakiya, kamar bakin gidan tururuwa. Mai gidan yana can ƙasa.

Yadda yake haƙa abin sha'awa ne. Yana kwance rairai da ƙafafunsa na gaba, ya tara shi a gaban bakinsa kamar mai ɗauke da kwando, ya kai inda yake so ya zubar. Ramin daidai jikinsa yake, ba ya iya juyawa a ciki. Don haka yakan gina ƴan ɗakuna masu faɗi nan da can, inda zai yi alkafura ya juya. Ramin yana da rassa da yawa. Na wasu bai kai metir ɗaya ba, na wasu ya wuce metir 2 a zurfi. Tun shekarun 1960 masana suka samo dabarar ganin siffar ramin. Suna zuba wani ruwan roba mai daskarewa a ciki, in ya yi ƙarfi su tone shi. Abin da ke fitowa yana kama da saiwar itace.

Ƙarƙashin laka ba iskar oksijen da yawa. Jatan landen rami yana da ƴan fikafikai a ƙarƙashin cikinsa. Yana kaɗa su kamar mahuci, sabon ruwa ya shigo ta wannan ƙofa, tsohon ya fita ta waccan. In teku ya janye ruwan ramin ya tsaya, yana da jimiri ƙwarai. Wasu irinsa suna iya yin kwanaki cikin ruwan da iskarsa ta ƙare.

Wajen abinci sun kasu. Ƴan gidan Callianassa galibi suna tankaɗe rairai ne, su tsince ruɓaɓɓen abinci da ƙananan halittun da ke manne da shi, su zubar da tsakin. Shi ya sa ba su daina haƙa: sai sun haƙa suke ci. Ƴan gidan Upogebia, na rukunin Gebiidea, suna gina rami mai ƙofa biyu, su yaɓe bangonsa da laka ya yi sumul, su zauna suna tace ruwan da ke wucewa da gashin ƙafafunsu, kamar rariya. Akwai kuma masu jawo ganyen ciyawar teku zuwa cikin rami, su ajiye shi a ɗaki kamar rumbu.

Mace tana ɗauke da ƙwanta a ƙarƙashin ciki har su ƙyanƙyashe. A iri da yawa ƴaƴan suna fita su yi ta yawo bisa ruwa na ɗan lokaci, suna saɓa suna canza kama, kana su sauka ƙasa kowa ya fara nasa rami.

4. Manomin ƙasan teku

Manomi ya san amfanin gara da tana a gona. Suna huda ƙasa, iska da ruwa su shiga, su fito da ƙasar ƙasa zuwa sama. Aikin da jatan landen rami ke yi ke nan a ƙasan teku. A wasu wurare ana samun ɗaruruwansu a fili mai metir ɗaya tsawo, metir ɗaya faɗi. Dare da rana suna juya rairai, suna shigar da iska cikin laka, abin da ya mutu ya ruɓe da sauri ya koma taki.

Ramin kuma masauki ne. A gaɓar yammacin Amurka akwai wani iri mai suna Neotrypaea californiensis, wanda ake samu tun daga Alaska har Meksiko. Ƙananan kifaye, da ƴan ƙaguwa, da tsutsotsi, da wani ƙaramin mai ƙwanso, duk suna fakewa a raminsa. Shi kansa abinci ne ga kifaye da tsuntsaye. Har wata ƙatuwar dabbar teku mai shayarwa, balen mai ruwan toka, takan shigo ruwa marar zurfi a jihar Washinton, ta kwanta bisa haƙarƙarinta, ta zuƙi laka, ta tace jatan landen ta haɗiye. In ruwa ya janye sai a ga manyan ramukan da ta bari. Masunta a Ostiraliya da Afirka ta Kudu suna zuƙo irin nasu da wani famfon hannu, su sa a ƙugiya.

Amma abin da ya gyara wani yakan ɓata wani. A gaɓar Wilapa, a jihar Washinton ɗin, mutane suna kiwon kawa bisa laka, suna sayarwa. Inda jatan landen rami ya yi yawa, ƙasa takan yi taushi, kawa ta nutse, laka ta rufe ta, ta mutu. Tun shekarun 1960 masu kiwon suka riƙa fesa wani maganin ƙwari mai suna karbaril bisa filayen. Maganin bai san bambanci ba, yana kashe ƙaguwa da ƙananan kifaye tare. Aka yi ta jayayya, har aka daina fesa shi a farkon shekarun 2010. Masu kiwon suka nemi izinin fesa wani maganin. A 2018 hukumar kula da muhalli ta jihar ta hana, don gudun cutar da sauran halittu. Ga iyalai masu ci daga kawa, ga kuma dabbar da ta riga kowa zama a wurin, wadda kifi da tsuntsu ke ci. Manomanmu masu fama da fara da tsuntsaye sun san irin wannan matsala.

A wannan gaɓa kuma wani ɗan uwansa, Upogebia pugettensis, ya shiga wani hali dabam. Wani ƙwaron ruwa mai shan jini, wanda asalinsa na Asiya ne, ya bayyana a can wajen shekarun 1980. Yana maƙalewa a wurin numfashin jatan landen, ya tsotse shi har ya kasa haihuwa. A wurare da dama irin ya ragu ƙwarai.

A kudu maso gabashin Asiya akwai wani babban ɗan rukunin Gebiidea mai suna Thalassina, wanda ke zaune a kurmin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Lakar da yake fitarwa tana taruwa ta zama tudu kamar suri, wani har ya fi tsayin mutum. Itatuwa da ƙaguwa da macizai suna samun wurin zama bisa waɗannan tuddai.

5. Yadda Kamaru ta sami suna

A gaɓar Afirka, daga Togo zuwa Kwango, akwai wani iri da masanin Birtaniya Adam White ya yi wa suna a 1861. Yau ana kiransa Lepidophthalmus turneranus. Kamar ƴan uwansa, a rami yake zaune cikin laka, inda kogi ke haɗuwa da teku. Amma yana da wata al'ada tasa. Bayan shekara uku zuwa biyar, sai su fito daga ramuka gaba ɗaya, su cika bakin kogi, ba su ƙidayuwa.

A bakin kogin Wuri, inda birnin Duwala yake, fitowarsu biki ce. Mutanen Duwala suna kiran dabbar mbeatowe. Sukan shiga ruwa su kwaso ta kwando-kwando. Ana cin matan, a busar da wasu don ajiya, mazan kuwa a matse su a fitar da mai.

A 1472 jiragen ruwan Fotugal suka iso bakin wannan kogi. Yawan jatan landen da suka tarar ya ba su mamaki, sai suka kira wurin Rio dos Camarões, wato Kogin Jatan Lande. Sunan ya bi bakin baƙi iri-iri yana canzawa. Jamusawa, da suka kama ƙasar a 1884, suka ce Kamerun. Faransawa suka ce Cameroun. Mu kuma muka ce Kamaru. Ashe ƙasa guda, da duwatsunta da biranenta, tana amsa sunan wata ƴar dabba mai ɓuya cikin laka.

6. Abin da ya rage cikin dutse

In dabba ta mutu laka ta rufe ta, wani lokaci sassanta masu tauri ba su ruɓewa. Laka ta hau bisa laka, shekaru dubbai da miliyoyi su wuce, lakar ta zama dutse, sassan su zauna a ciki. Abin da ya rage haka shi ake kira burbushin halitta.

Mun ce jikin jatan landen rami laushi gare shi. In ya mutu, jikin yakan narke da sauri. Awartakin ne kaɗai ke da tauri, don yana ƙunshe da sinadarin farar ƙasa mai yawa. Saboda haka mafi yawan burbushin da ake samu awartaki ne zalla. Zaman rami yana taimakawa, gama dabbar da ta mutu cikin rami ta riga ta binnu. Wani awartakin ma na saɓa ne, mai shi ya tuɓe ya bar shi a ɗaki ya ci gaba da rayuwa.

Burbushin dangin nan ya nuna sun daɗe a duniya. Akwai su tun zamanin da masana ke kira Jurasik, wanda ya fara shekaru miliyon 201 da suka wuce ya ƙare miliyon 145. Jatan landen rami irin na gidan Callianassa da maƙwabtansa sun bayyana a zamanin da ya biyo, wato Kiretase, daga miliyon 145 zuwa miliyon 66. A ƙarshen Kiretase manyan dabbobin nan dinozor suka ƙare. Masu ramin teku kuwa suka tsira, suka ci gaba da yaɗuwa.

Gane dabba daga awartaki kaɗai aiki ne mai wuya. A ce an ba ku takalmi ɗaya, a ce ku faɗi sunan mai shi da garinsu. A duwatsun Mastirik, a ƙasar Holan, akwai irin waɗannan awartakai da yawa na ƙarshen Kiretase. A 1822 masanin Faransa Desmarest ya ɗauka na ƙaguwar nan ne mai shiga ƙwanson dodon koɗi, ya ba su suna a gidanta. Daga baya aka gane na jatan landen rami ne. Wata wahalar kuma, awartakin dama ya bambanta da na hagu, na namiji ya bambanta da na mace, na yaro ya bambanta da na babba. Mai gaggawa sai ya ba dabba ɗaya suna biyu ko uku. Shekaru da yawa, duk awartakin da aka rasa gidansa sai a jefa shi cikin Callianassa, har sunan ya zama kamar buhun tarkace. A 2015 masana biyu, Matúš Hyžný da Adiël Klompmaker, sun bi burbushin dangin gaba ɗaya, suka nuna yawancin masu wannan suna suna bukatar a sake duba su ɗaya bayan ɗaya.

7. Sawun da ya zama dutse

Makiyayi yakan dubi sawu a ƙasa ya ce raƙumi ne ya wuce, ko kura, ko da bai ga dabbar ba. Masanin duwatsu ma haka yake yi. Ramin jatan lande sawunsa ne. In mai rami ya mutu, rairai na wani launi ya cika ramin, duka su zama dutse, siffar ramin tana nan. Irin waɗannan ramuka sun fi awartakai yawa nesa, kuma ruwa ba ya ɗauke su ya kai wani wuri. Inda aka gina rami, nan yake tabbata. Har suna aka ba su na kansu.

Na farko shi ne Thalassinoides. Bangonsa sumul ne, rassansa suna rabuwa biyu kamar gwafa. A bakin tekun Faransa da Ingila akwai dogayen duwatsun alli farare. Cikinsu akwai baƙar ƙanƙara, irin wadda ake ƙyasta wuta da ita, mai siffa karkatacciya da ƙahoni. Da yawa daga cikin ƙanƙarar nan a cikin tsofaffin ramukan Thalassinoides ta daskare, ta ɗauki siffarsu.

Na biyu shi ne Ophiomorpha. Mai haƙa rijiya a rairai ya san sai ya ɗaure bango, in ba haka ba ta rufta. Jatan landen da ke zaune cikin rairai mai zubewa yakan cura ƴan dunƙulen laka, ya jera su a bangon raminsa kamar magini da tubali. Ciki ya shafe sumul, waje ya bar shi gurje-gurje. A 1964 masana biyu na Amurka, Robert Weimer da John Hoyt, sun duba ramukan wani iri mai rai a tsibirin Sapelo, a jihar Jojiya. Suka ga daidai suke da waɗanda ke cikin tsohon rairai can cikin tudu, nesa da ruwa. Da wannan suka nuna inda bakin teku ya taɓa tsayawa a da.

A nan ma sai da hankali. An samu ramuka masu siffar Thalassinoides cikin duwatsun da suka haura shekaru miliyon 440, alhali masu ƙafa goma ba su bayyana ba sai bayan haka da miliyoyin shekaru. Ke nan wasu dabbobi dabam ne suka gina waɗancan. An kuma samu Ophiomorpha a duwatsun da suka kwanta a teku mai zurfi. Don haka masani ba ya yanke hukunci da shaida ɗaya. Yakan haɗa ramin da irin dutsen, da ƙwanson da ke ciki, da yadda rairan ya jeru. Wani lokaci sa'a takan zo, a fasa dutse a tarar da awartaki kwance cikin ramin. Ranar nan an ga sawu, an ga mai sawu.

8. Tekun da ya taɓa rufe Adar

Yanzu mu komo gida. Tsakanin shekaru kamar miliyon 100 da miliyon 50 da suka wuce, ruwan teku ya sha shigowa cikin Afirka ta yamma yana janyewa. Teku ne marar zurfi, mai ɗumi. Ya rufe wani yanki na Aljeriya, da gabashin Mali, da yammacin Nijar, da ƙasar Sakkwato. Masana suna kiran babban kwarin da lakarsa ta taru a ciki kwarin Iwillimidan.

Shaidun suna nan. A duwatsun Adar, a jihar Tawa, ana tsintar ƙwanson kawa da na wasu dabbobin teku da suka zama dutse. A dutsen Igdaman, arewa da Tawa, an tono haƙora da ƙasusuwan kifaye da na manyan masu jan ciki na teku. Dutsen farar ƙasa na Malbaza, wanda dominsa aka kafa masana'antar siminti a can a shekarun 1960, a ƙasan wannan teku ya kwanta. A cikin duwatsun kwarin nan, wajen Mali da wajen Sakkwato, masana sun samu ramuka irin na Thalassinoides. A inda yau akuya ke kiwo, ƙananan magina sun taɓa haƙa laka ƙarƙashin ruwan gishiri.

Saboda haka dutsen da ke gefen hanya yana iya zama littafi. In kun tsinci burbushi, ku lura da wurin da kuka same shi, da irin dutsen da yake ciki, ku rubuta, ku nuna wa malaminku. Burbushin da ba a san inda ya fito ba ya rasa rabin labarinsa. Dukiyar ƙasa ce, kada a farfasa ta don wasa.

Abin da za mu riƙe

Jatan landen rami yana cikin masu ƙafa goma, dangin ƙaguwa. Masu gina ramin sun kasu rukuni biyu, Axiidea da Gebiidea, waɗanda zaman rami ya sa suka yi kama. Haƙarsu tana juya ƙasan teku, tana shigar da iska, tana ba wasu dabbobi masauki, amma tana iya ɓata kiwon kawa. Cikin dutse, awartakinsu da ramukansu ne suka rage. Da waɗannan shaidu, in an haɗa su da wasu, ake gane inda teku ya taɓa kasancewa.

Tambayoyi

1. Me ya sa jatan landen rami yake gina ɗakuna masu faɗi cikin raminsa?
2. Ta yaya yake samun iska a ƙarƙashin laka?
3. Wace alama ce ta raba Axiidea da Gebiidea?
4. Ku bayyana yadda karin maganar "kama da wane ba ta wane" ya dace da wannan darasi. Ku kawo misali biyu.
5. Daga ina sunan Kamaru ya fito? A wace shekara?
6. Don me awartaki ya fi sauran jiki zama burbushi?
7. Mene ne bambancin Thalassinoides da Ophiomorpha?
8. Da ku ne hukuma a gaɓar Wilapa, me za ku ce wa masu kiwon kawa? Ku ba da dalilanku.

Aikin yi

Ku nemo kwalba mai faɗin baki. Ku zuba rairai mai danshi, ku bi shi da baƙar ƙasa, ku sake zuba rairai, har hawa huɗu. Ku sa tana uku ko huɗu a ciki, da ɗan busasshen ganye a sama. Ku naɗe kwalbar da baƙin ƙyalle, ku ajiye a inuwa, kuna yayyafa ruwa kaɗan. Bayan kwana goma ku kwance ƙyallen, ku zana abin da kuka gani a littafinku. Me ya faru da hawa huɗun nan? In kun gama, ku mai da tanar cikin lambun makaranta.